Fiyodor Dostoyefski, Mutumin da Ya Sha Ɗauri Biyu

Mutumin da za mu ba ku tarihinsa a wannan karo ba fasto ba ne, ba mai bishara ba ne, ba kuma za mu ce ku yi koyi da shi a kowane hali ba. Marubucin littattafan hikaya ne ɗan ƙasar Rasha, sunansa Fiyodor Dostoyefski, ya rasu tun 1881. Cikin littattafansa akwai biyu da ya rubuta daga abin da ya ɗanɗana da jikinsa. Na farko kan zaman kurkuku ne, ma'anar sunansa da Hausa ita ce Labari Daga Gidan Matattu. Na biyu sunansa Ɗan Caca. Kurkuku ya riƙe shi shekara huɗu, caca kuwa ta riƙe shi shekara takwas. Mutanen zamaninsa sun zub da hawaye saboda fursunonin littafi na farko, amma wadda ta fara jin labarin ɗan cacan raina shi ta yi, alhali kuwa mutum ɗaya ne ya sha ɗaurin duka biyu.

Mun zaɓi wannan tarihi ne da tunanin 'yan'uwanmu na Mabai da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Duniya ta ji sunan yankin a daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mutanen wurin kuwa sun san kafin wannan dare da bayansa an yi ta ɗaukar mutane daga gona, daga hanya, daga ɗakin kwana. Waɗanda Allah ya komo da su suna nan cikin ikilisiyoyinmu, ana zuwa yi musu barka. Akwai kuma wasu da ba a yi musu barka, ba a yi musu jaje, wato samarin da cacar ƙwallo ta wayar hannu ta cinye wa kuɗin taki da kuɗin makaranta. Su ma suna zaune kan bencin baya ran Lahadi.

An haifi Dostoyefski a birnin Mosko ran 30 ga Oktoba 1821 bisa tsohuwar kalandar Rasha, wadda ke bayan tamu da kwana 12 a wancan ƙarni, kuma da ita za mu yi ta lissafi. Ubansa likita ne a asibitin talakawa, a harabar asibitin iyalin ke zaune. Kakansa limamin coci ne. Uwarsa Mariya ce ta koya masa karatu da wani littafi mai labarai 104 daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, labarin Ayuba kuwa shi ya fi shiga ransa, har ya manyanta yana karanta shi yana hawaye. Uwar ta rasu da tarin fuka a 1837. Shekara guda bayan haka aka sa shi makarantar injiniyoyin soja a Fitasbag, babban birnin ƙasar a lokacin. A 1839 uban ya mutu a ƙauyensa, aka yi ta raɗe-raɗin cewa manomansa ne suka kashe shi, ko da yake hukuma ta rubuta cewa ciwo ne. A Rasha ta wancan zamani manoma mallakar masu ƙasa ne, ana sayar da su, ana dukansu, sai a 1861 aka 'yanta su.

Aikin injiniya bai kwanta masa a rai ba, ya ajiye shi a 1844 ya kama rubutu. Littafinsa na farko, mai suna Talakawa, tun kafin a buga shi wasu marubuta biyu suka kwana suna karanta shi, suka kasa haƙuri har gari ya waye, suka ƙwanƙwasa masa ƙofa da ƙarfe huɗu na asuba don su rungume shi. Ya yi suna yana ɗan shekara 24. Littattafan da suka biyo baya ba su karɓu haka ba, waɗanda suka ɗaga shi suka koma yi masa ba'a. Tun a lokacin kuma kuɗi ba ya kwana a hannunsa.

Daga nan ya shiga zuwa gidan wani ma'aikacin gwamnati mai suna Petrashefski, inda matasa masu ilimi ke taruwa kowace Juma'a suna tattauna 'yanta manoma da gyaran shari'a. Sarkin Rasha Nikolas na Ɗaya ba ya ƙaunar irin wannan zama, musamman bayan boren da ya girgiza ƙasashen Turai a 1848. Babban laifin da aka ɗora wa Dostoyefski shi ne ya karanta wa taron wata wasiƙa da gwamnati ta haramta. Aka kama shi ran 23 ga Afrilu 1849, ya yi wata takwas a kulle. Ran 22 ga Disamba da sassafe aka fito da su fili cikin sanyi, aka karanta musu hukuncin kisa, limami ya miƙa musu gicciye suka sumbata, aka sa musu fararen riguna. Aka ɗaure uku na farko jikin turaku, sojoji suka ɗaga bindigogi. Shi yana cikin uku na biyu, ya ƙiyasta saura masa 'yan mintoci. Sai aka kaɗa ganga, aka karanta takardar sassauci daga sarki. Ashe tun farko an shirya abin ne don a tsorata su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure ya taɓu, bai ƙara dawowa daidai ba. Hukuncin Dostoyefski ya koma ɗaurin gwale-gwale na shekara huɗu a Saibiriya, bayan haka ya zama ƙaramin soja.

A daren jajiberin Kirsimeti maƙeri ya buga masa mari a ƙafa, aka kama hanyar gabas cikin dusar ƙanƙara. A garin Tobolsk wasu mata suka nemi ganinsu. Matan manyan mutane ne, waɗanda suka bar daula suka bi mazajensu da aka kora Saibiriya bayan boren 1825, sun yi fiye da shekara ashirin a can. Suka ba kowane fursuna Sabon Alkawari, da takardar kuɗi ta rubul goma ɓoye cikin bangon. Wannan ne kaɗai littafin da doka ta yarda fursuna ya riƙe. Sunan ɗaya daga cikin matan Nataliya Fonbizina. Muna ganin 'yan Zumuntar Mata da ke kai ziyara gidan yari da asibiti ya kamata su riƙe wannan suna, domin kyautar da aka yi cikin 'yan mintoci ta zauna tare da mutumin shekara 31.

Ya isa kurkukun Omsk ran 23 ga Janairu 1850. Ɗakunan kwana na ruɓaɓɓen katako ne, da rani zafi ba numfashi, da hunturu ƙanƙara ta daskare jikin taga. Kan dandamalin katako ake kwana a jere, ga ƙuma, ga ƙwarƙwata, ga kyankyasai har cikin romon kabeji. In an kulle ƙofa da magariba sai safe, baho ɗaya ne na bayan gida don kowa. Marin ba a cire shi, ko mutum yana wanka, ko yana kwance asibiti. Aikinsa ɗaukar tubali, kwashe dusar ƙanƙara, farfasa tsofaffin jiragen ruwa a bakin kogin Irtish, da ƙona wani farin dutse ana daka shi ya zama gari. Mutanen Ƙanƙara da suka san aikin farar ƙasa za su gane irin ƙurar. Ga farfaɗiya, wadda ta tsananta masa a can, ba ta kuma rabu da shi ba har mutuwa.

Abu biyu ya ce sun fi sarƙa ciwo. Na ɗaya, cikin shekara huɗu bai taɓa zama shi kaɗai ba ko na sa'a guda. Na biyu, ƙiyayya. Ya shiga kurkuku saboda yana son a 'yanta manoma, sai ya tarar manoman da ke ɗaure tare da shi ba su ga bambancinsa da iyayengijin da suka yi ta dukansu ba. A wurinsu ɗan masu ƙasa ne, shi ke nan. Ya daɗe yana ganinsu kamar namun daji, su ma suna yi masa kallon maƙiyi. Sannu a hankali ido ya buɗe. Ya ga wani tsoho mai tsananin ibada wanda ɓarayin ɗakin gaba ɗaya suka amince su ba shi ajiyar kuɗinsu. Ya ga Musulmi 'yan tsaunukan Kokasas masu tsare salla da azumi, ba sa sata, ba sa ƙarya. A cikin littafin ya ba da labarin wani saurayi Musulmi mai suna Ali, wanda aka koya wa karatun Rashanci da wannan Sabon Alkawari, ya iya cikin 'yan makonni, babu kuma wanda marubucin ya yaba a littafin kamar shi. Ya ga yadda masu kisan kai suka zama kamar yara da aka bar su suka yi wasan kwaikwayo lokacin Kirsimeti. A lokacin azumi kuma, da aka kai su majami'a don cin Jibin Ubangiji, can bakin ƙofa suke tsayawa, da limami ya kai wurin addu'ar da ke ambaton ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, sai kusan dukansu suka fāɗi ƙasa, sarƙoƙi suna ƙara, kowa ya ɗauka da shi ake.

Caca ma tana nan cikin kurkukun. In dare ya yi sai mai ɗan guntun darduma da kyandir da tsohuwar karta ya ba da haya, a zauna har asuba, mutum ya saka kuɗinsa, ya saka rigarsa. Akan ɗauki wani matalauci a ba shi kobek biyar, wato kwabon Rasha, ya tsaya a soro cikin sanyi mai kisa yana sauraron tafiyar mai gadi. Dostoyefski ya duba wannan duka da idon basira, ya fahimci cewa wanda aka hana wa ikon kansa yakan nemi ko da sa'a ɗaya da zai ji shi ma yana da zaɓi. Bai san yana kallon abin da ke jiransa ba.

A Fabrairu 1854 maƙeri ya cire masa mari. Ya yi shekara biyar yana soja a Semipalatinsk, cikin ƙasar Kazakistan ta yau, ya auri wata gwauruwa mai suna Mariya a 1857, aure mai yawan ɓacin rai. Sai a ƙarshen 1859 aka bar shi ya koma Fitasbag, shekara goma cif bayan fitarsa.

Labari Daga Gidan Matattu ya fito kashi-kashi daga 1860 zuwa 1862, akasari a mujallar da ya kafa tare da wansa Mikail. Kafin wannan babu wanda ya taɓa buɗe wa jama'ar Rasha ƙofar kurkukun Saibiriya haka. Abin dariya, damuwar masu tace littattafai na gwamnati da farko ita ce wai babin farko ya nuna fursuna yana samun burodi mai kyau, kada talaka ya karanta ya yi sha'awar aikata laifi. Ba su kai babin asibiti ba tukuna, inda ake kawo waɗanda aka bi da su tsakanin layi biyu na sojoji kowa da tsumagiya, bulala ɗari biyar, dubu, har fiye, likita ya tsai da dukan in ya ga mutum zai mutu, a yi jinyarsa, in bayansa ya warke a ƙarasa masa saura. Wannan babi ya tayar da muhawara a jaridu. A Afrilu 1863 gwamnati ta soke irin wannan duka da yi wa fursuna lalas a fuska. An riga an fara maganar gyaran kafin littafin, amma ya sa waɗanda ba su taɓa ganin bayan da aka yi wa bulala ba sun gan shi.

Marubuci Turgenef ya kwatanta babin wankan fursunoni, mutum kusan ɗari cikin ƙaramin ɗaki mai tururi da ƙarar sarƙa, da siffar Jahannama da mawaƙin Italiya Dante ya yi. Tolstoi ya sake karanta littafin a 1880 ya rubuta wa wani abokinsu cewa bai san wanda ya fi shi ba a duk sabon adabin Rasha, ya kuma roƙa a gaya wa Dostoyefski yana ƙaunarsa. Mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Bajamushe Nice, wanda ya yi suna wajen gāba da addinin Kirista, shi ma ya karanta shi da Faransanci ya ce a wurin wannan marubuci kaɗai ya ƙaru game da zuciyar ɗan Adam. A 1881 aka fassara shi da Turanci da wani suna mai ma'anar wanda aka binne da rai. Wasu masu karatu kuwa sun yi masa mummunar fahimta. Da yake ya sa labarin a bakin wani mutum da aka ɗaure saboda kashe matarsa, shekaru da yawa ana ta yaɗa cewa shi Dostoyefski ne ya kashe tasa.

Akwai wani abu da ya faru tun littafin bai gama fitowa ba. A farkonsa ya ba da labarin wani hafsa da aka yanke wa shekara ashirin bisa zargin kashe ubansa don gādo, mutum mai yawan raha, kamar abin bai dame shi ba. Sai labari ya zo daga Saibiriya cewa an gano masu laifin, mutumin ya yi shekara goma a ɗaure a banza. Dostoyefski ya sanar da haka a wani babi na gaba, abin kuma bai bar zuciyarsa ba, shi ne tushen littafinsa na ƙarshe. A ƙasarmu tun 2019 aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma wajen kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba. Wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwa abinci a Funtuwa ko Katsina ya san haka.

To, yanzu sai ɗauri na biyu. A 1863 ya tafi Turai, matarsa tana kwance da tarin fuka, shi kuma yana bin wata budurwa mai suna Suslofa. Ya tsaya a Wisbadin, wani garin shan iska a Jamus, ya shiga gidan caca, ya ci fiye da faran dubu goma. Da ma ya fāɗi ran nan. Wasan, rulet, faifai ne mai juyawa da ramuka 37, daga sifiri zuwa 36, a jefa ƙwallo, wanda lambarsa ta fito a ba shi ninki 35 na abin da ya saka. Ku yi lissafin da kanku: in mutum ya saka naira ɗaya kan kowace lamba, naira 37 ke nan, dole ɗaya ta fito, amma naira 36 zai koma da ita gida. Wannan naira ɗaya ita ce ta gina gidan, ita ke biyan ma'aikata. Cacar ƙwallo ma da irin wannan ragi aka gina ta, sai dai an ɓoye shi cikin farashin da ake ba kowace ƙungiya. Dostoyefski injiniya ne, ya san lissafi, duk da haka ya gaskata yana da dabara, wai in mutum ya riƙe hankalinsa bai yi zafi ba, ba zai fāɗi ba. Kowace fāɗuwa sai ya ce zafi ya yi, dabarar tana nan daram.

Tun a wannan shekara ya rubuta wa wani aboki cewa yana shirin labarin ɗan caca, ya kuma kwatanta shi da littafin kurkuku, ya ce wannan ma wani irin wuta ne kamar ɗakin wankan fursunoni. Wato tun daga farko ya san sunan abin da ya kama shi.

A 1864 matarsa ta rasu a Afrilu, wansa Mikail ya bi ta a Yuli, ya bar iyali da bashi mai nauyi. Dostoyefski ya ɗauki bashin a wuyansa ko da yake doka ba ta tilasta shi ba. Mujallar ta durƙushe. Don kada a kai shi kurkukun masu bashi, a 1865 ya sa hannu kan yarjejeniya da wani mai buga littattafai, Stellofski, ya karɓi rubul 3,000 bisa sharaɗin zai kawo sabon littafi kafin 1 ga Nuwamba 1866, in ya kasa, mutumin zai buga duk abin da ya rubuta har shekara tara ba ko kwabo. Abin da ya rage bayan masu bin bashi sun ɗiba ya kai Wisbadin, kwana biyar ya ƙare, har agogonsa. Masu masauki suka daina ba shi abinci sai shayi. Limamin cocin Rasha na garin, Yanishef, shi ya taimaka masa ya koma gida. A wannan ɗaki, da yunwa, ya tsara littafinsa Laifi da Hukunci.

Wata ɗaya ya rage wa'adi ya cika, bai rubuta ko layi ɗaya na littafin Stellofski ba. Aka ba shi shawara ya ɗauki mai rubutun gaggawa. Ran 4 ga Oktoba 1866 aka turo masa wata yarinya 'yar shekara ashirin, Anna Snitkina, wadda a gidansu an karanta littafin kurkuku, ita ma ta yi kuka a kansa. Yana faɗa tana rubutawa, da dare ta juya shi da kyau, kwana 26 suka gama Ɗan Caca. Stellofski ya bar gari da gangan don kada a same shi, sai aka kai littafin ofishin 'yan sanda aka karɓi rasit.

Labarin na wani malamin yara ne, Alekse, a gidan wani janar da bashi ya yi wa katutu. Iyalin suna zaune a garin caca suna jiran waya ta zo cewa tsohuwa mai dukiya ta mutu a Mosko su ci gādo. Maimakon waya sai ga tsohuwar da kanta an ɗauko ta a kujera, shekararta 75. Ta ce a kai ta ta ga wannan wasa. Ta saka kan sifiri ta ci, ta koma, cikin 'yan kwanaki ta zubar da kuɗi masu ɗimbin yawa a gaban magadanta. Alekse kuwa ya shiga ne don ya ceci yarinyar da yake so daga bashi, ya ci kuɗi mai yawa a dare ɗaya, amma a teburin ya manta da ita. Littafin ya ƙare yana yawo daga wannan garin caca zuwa wancan, ya yi barantaka, ya sha ɗaurin bashi, har yanzu yana sa rai gobe.

Anna ita ce mai karatu ta farko, ba ta kuma ɓoye ra'ayinta ba. Tsohuwar ta burge ta, amma Alekse ta ce ba ta iya yafe masa raunin zuciyarsa. Dostoyefski ya tsaya wa Alekse, ya ce mata abubuwa da yawa na jikinsa ne. A nan muke ganin bambancin littattafan biyu. Sarƙar fursuna wani ne ya ɗaura masa, kowa yana jin ƙararta, shi ya sa talakawan Rasha ke kiran fursunoni marasa sa'a suna miƙa musu sadaka a hanya. Ɗan caca da ƙafarsa ya je, don haka ba ya samun ko sannu. Mun lura a ikilisiya ma haka abin yake: wanda ya dawo daga daji a tsai da shi gaba a yi godiya, wanda ya cinye kuɗin baiko a caca sai dai dattawa su zauna kan maganarsa.

Ya nemi aurenta a Nuwamba, aka ɗaura ran 15 ga Fabrairu 1867. A Afrilu Anna ta jinginar da kayan ɗakinta suka gudu Turai don masu bin bashi, da niyyar wata uku, suka yi shekara huɗu. Wanda ya rubuta Ɗan Caca, wanda ya fayyace ciwon fiye da kowane likita na zamaninsa, a bayan littafin ne ya yi cacarsa mafi muni. A Baden-Baden, Anna tana da ciki, suna haya a saman maƙera, ya jinginar da zoben aure, da 'yan kunnen da ya ba ta, da mayafinta, da kwat ɗinsa. Ya dawo ya durƙusa gabanta yana kuka, ta ba shi abin da ya saura, ya koma. Ta rubuta wannan duka kullum cikin littafin sirrinta da rubutun gaggawa. A can ta sauya ra'ayi, ta gane abin ya wuce raunin hali, ya zama kamar ciwo mai kama mutum gaba ɗaya. Ta daina faɗa, amma ita ta riƙe jaka, kaɗan-kaɗan take ba shi. Ba mu kawo wannan don mu ce wa matan 'yan caca su miƙa 'yan kunnensu ba. Mata da yawa sun yi irin haƙurinta sun tashi ba miji ba gida. 'Yarsu ta fari, Sofiya, an haife ta a Janeba a 1868, ta rasu tana da wata uku.

A Afrilu 1871 ya sake zuwa Wisbadin, ya fāɗi, ta aiko masa kuɗin jirgi, ya saka su, suka tafi. Da dare ya fita a guje neman limamin cocin Rasha, ya ɓata cikin duhu, ya isa wani gini da ya zaci coci ne, aka ce masa majami'ar Yahudawa ce. Ya ce kamar an kwara masa ruwan sanyi. Kafin haka ya yi mafarkin ubansa cikin mummunar kama, ya kuma yi mafarkin Anna ta yi furfura. Ya koma masauki ya rubuta mata cewa abin ya ƙare, an kwance masa hannu. Ya sha yin irin wannan alkawari, ita ma ba ta gaskata ba. Amma bai ƙara ba. Masu bincike sun yi ta ja-in-ja kan dalili. Likitan ƙwaƙwalwa Froid ya rubuta a 1928 cewa da caca mutumin ke hukunta kansa. Wasu sun ce ai gwamnatin Jamus ta rufe gidajen caca a ƙarshen 1872. Gaskiya ne, amma na Monte Kalo yana buɗe, shi kuma ya koma Jamus shan magani sau huɗu da kuɗi a aljihu, shi kaɗai, bai nufi can ba.

Suka koma Rasha a Yuli 1871 da bashin wajen rubul 25,000. Anna ta fuskanci masu bin bashi da kanta, ta koyi sayen takarda da ciniki da maɗaba'a, daga 1873 ita ke buga littattafansa tana sayarwa daga gida. Sai kusan shekara guda kafin mutuwarsa suka gama biya. A 1878 ƙaramin ɗansu Alyosha ya mutu da farfaɗiya bai cika shekara uku ba, uban ya san daga wurinsa ya gāda. Anna ta tura shi gidan sufaye na Optina, ya gana da dattijo Ambrosi, ya dawo ya rubuta 'Ya'yan Karamazof, inda ya bar wanda ba ya gaskata Allah ya kawo hujjarsa mafi ƙarfi, wato wahalar yara marasa laifi, bai rage mata kaifi ba.

Ba za mu rufe ido ga aibinsa ba. A mujallarsa ta shekarun ƙarshe ya rubuta munanan maganganu kan Yahudawa, ya zagi Katolika, ya zuga yaƙi da Turkiyya a 1877. Wani ɗan Folan da suka sha ɗauri tare a Omsk ya rubuta nasa tarihin, ya siffanta shi da mai girman kai da raina sauran al'ummai. Mutumin da ya iya ganin surar Allah a fuskar mai kisan kai ya kasa ganinta a fuskar wasu maƙwabtansa.

A ƙarshen Janairu 1881 jijiya ta fashe a huhunsa. Ya yi furci, ya ci Jibin Ubangiji. Da asubar 28 ga wata ya ce wa Anna ta kawo Sabon Alkawarin nan na Tobolsk, ya buɗe inda hannu ya fāɗa, ta karanta masa daga Matiyu sura 3, inda Yohanna Mai Baftisma ya so ya hana Yesu. Ya ce mata yau zai tafi. Ya sa aka karanta wa 'ya'yansa biyu misalin ɓataccen ɗa, ya ba ɗansa Fiyodor littafin, da dare ya cika, yana da shekara 59. Dubun dubatar mutane suka bi gawarsa, wasu ɗalibai suka so su ɗauki marin fursuna a bayan akwatin, 'yan sanda suka karɓe. Anna tana da shekara 34 a lokacin, ba ta sake aure ba har ta rasu a 1918. Sabon Alkawarin yana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Mosko. Da masana suka duba shi shafi-shafi sun tarar da alamomi masu yawa, wasu da fensir, wasu da tawada, wasu kuma da farce aka ja su, irin na wanda aka hana alƙalami, Bisharar Yohanna ce ta fi kowace Bishara yawansu.